Mako Shida a Akra Ba Kifi

Ban cika mako uku a Akra ba leɓena ya kumbura. Muna cikin wani ajin yamma bayan abincin rana, kowa da kifin ƙarfasa a kan faranti a gabansa muna feɗewa, malami yana nuna mana yadda ake gane mace da namiji, abin da na sani tun ban iya ɗaura wando ba. Sai na ji bakina ya yi nauyi. Kafin in ajiye wuƙa wuyana ya yi ruɗu-ruɗu, ƙaiƙayi ya taso daga ƙeya har gadon baya, numfashi yana fita da ƙyar. Ɗalibin da ke kusa da ni ya dube ni ya ja kujerarsa baya. A motar makaranta aka kai ni asibiti.

Sunana Umaru, ɗan masunta ne ni daga wani ƙauye a bakin tafkin Kainji, kusa da Wara. Da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato aka raba ma'aikata, na faɗo sashen kula da kamun kifi. Sabuwar jiha ba ta da isassun mutane, shi ya sa ƙaramin ma'aikaci irina ya samu kujerar kwas na wata shida a Gana, wadda a da ko sunana ba za a ambata kusa da ita ba. Babana da ya ji labari ya ce, "To, mu mun kama da taru, kai tahi ka kama da biro." Wasa yake yi, amma na san ya gaya wa duk wanda ya tsaya masa a bakin ruwa.

Borin jini ba baƙona ba ne. A gida yakan taso min jefi-jefi, Inna ta shafa min man kaɗanya, ta ba ni jiƙo, kafin yamma ya kwanta. Bai taɓa kama min maƙogwaro ba sai a Akra.

Likitar mace ce, gajeruwa, ba ta da ɗabi'ar dariya. Bayan allura ta yi aikinta, ta zaunar da ni ta ce akwai abin da nake ci wanda jinina ya daina yarda da shi, kuma ba ta da na'urar da za ta nuna mata ko mene ne. Hanya ɗaya ce: a cire duk abin da ake zargi, sai fatata ta yi kwana goma a jere ba ko ƙurji ɗaya, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya a ga wanda zai tayar da cutar. Ta ɗauki biro ta fara rubutu. Kifi da jatan lande da duk abin da ya fito daga ruwa. Gyaɗa da manta. Ƙwai, madara, man shanu. Alkama, wato har burodi. Wake da danginsa, har daddawa. Dunƙulen miya na kanti. Abin da ta bar min shi ne shinkafa, masara, doya, rogo, ayaba, naman rago, ganye, manja, gishiri da barkono. Ta ba ni ɗan littafi ta ce duk abin da ya shiga bakina in rubuta.

Na ce, "Likita, kifi kika ce?"

Ta ce, "Shi nake zargi da farko. A kan kifi ka faɗi."

Na yi mata bayani cewa a gidanmu da romon kifi ake yaye yara. Ta ce jini ba ruwansa da gidanku.

Washegari Mista Mensa, mai kula da kwas ɗin, ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, amma bai yi kwana-kwana ba. Ya ce nan da mako shida ajinmu zai tafi arewa, bakin tafkinsu, wata biyu a cikin jiragen ruwa, inda asibiti mafi kusa tafiyar yini ce. Idan ba a gano abin da ke damuna ba kafin ranar, ko aka gano kifi ne, zai rubuta wa ofishinmu ya mayar da ni gida. Na fito na tsaya a baranda ina kallon hannuwana. Jami'in kifi da ba ya iya taɓa kifi, ɗan masunci da aka koro daga Gana saboda kifi. Na san yadda za a ba da labarin a kasuwar Wara, har muryar mai ba da shi na ji. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba.

Matsalar ita ce a ɗakin kwanan ɗalibai an hana girki, tun wata gobara da aka taɓa yi kafin zuwanmu. Makaranta karin kumallo kawai take bayarwa: burodi, ƙwai da shayi da madara, ka ce da takardar likita suka zauna suka tsara shi. Na rana da na yamma kowa ya nemi inda zai ci a gari. Ga kuma ɗaya shingen da na zo da shi daga gida, ba kowane nama nake ci ba sai na san wanda ya yanka. Haka na shiga gari da takarda a aljihun hagu, 'yar kwalbar yaji a aljihun dama.

Yajin na Inna ne. Gwangwani guda ta cika min ta ɗaure bakinsa da tsumma, nake ɗiba a kwalba ina yawo da shi. Tun ranar da na sauka Akra shi ya riƙe min rai, don duk abin da na barbaɗa masa sai ya ɗan yi ƙamshin tsakar gidanmu.

Zangona na farko wata rumfar abinci ce a bayan makaranta, irin wadda suke kira cofba, inda 'yan ajinmu ke ci. Mai rumfar ƙatuwar mace ce mai fara'a. Na karanta mata takardata da Turanci, ta saurara tana gyaɗa kai, ta dafa ƙirji ta ce miyar ganyenta ba kifi, ba nama, ba gyaɗa, sai manja da albasa. Na ci da doya kwana biyu. A rana ta uku na zo a makare, tukunya ta yi ƙasa, tana kwasowa sai ga kan kifi ya biyo ludayi, baƙi, ya narke saura ƙashi. Na nuna mata da yatsa.

Ta ce, "Wannan? Wannan ai ba kifi ba ne. Na gishiri ne, don ƙamshi ake jefawa. Ba wanda ke cinsa."

Na ce, "Yana da ido?"

Ta ce yana da ido.

Na ce, "Yana da ƙaya?"

Ta ce in ina neman faɗa ne in matsa, akwai mutane a bayana.

Na tafi ina masifa ni kaɗai a hanya. Wane irin mutane ne waɗannan da za su jefa abu a tukunya su ce ba ya ciki? A littafina na rubuta abin da ya faru, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na koma ƙirgen kwanaki daga ɗaya.

Daga nan na zama ɗan yawo. Ana tashi daga aji ƙarfe ɗaya, abokaina su nufi cofba, ni in nufi tasha in shiga ƙananan motocin haya da suke kira tirotiro, in sauka duk inda na hangi hayaƙi. Na koyi leƙa tukunya kafin in yi sallama. Na gano cewa baƙin yajinsu mai mai, wanda suke ɗorawa a kan komai, rabinsa garin kifi da jatan lande ne. Na gano masu suyar doya a man da suka soya kifi suke soyawa. Mai gasa nama kuwa, ko da Musulmi ne, da man gyaɗa yake shafawa. Wata ta ce min in saya ko in wuce, ita ba asibiti ta buɗe ba. Wata ta tara maƙwabtanta ta sa na sake karanta takardar don su ma su sha dariya. Ranaku da yawa abin da na ci bai wuce gasasshiyar masara ko dafaffen rogo a tsaye a bakin titi ba, in barbaɗa yaji in tura. Duk da haka ƙaiƙayin bai bar ni ba. In yi kwana ɗaya lafiya, ran nan ya dawo a cinya ko a bayan kunne. Na huda sabon rami a bel ɗina da ƙusa.

Wata ranar Asabar na ce bari in gwada na manya. Na sa rigata mai kyau na tafi Osu, unguwar masu hali, na shiga wani gidan abinci mai ƙofar gilashi da farin ƙyalle a kan tebur. A raina na ce a nan akwai masu ilimi, za su gane takardar likita. Sabis ya zo da ɗan nektayi irin mai kama da malam-buɗe-littafi, ya karɓi takardar da hannu biyu. Duk abin da na faɗa sai ya rusuna ya ce ba matsala. Farar shinkafa zalla, ba mai, ba komai. Ba matsala. Da aka kawo ta sai ƙyalli take yi, ƙamshin man shanu ya riga farantin isowa. Na ce a kira min mai dafawa. Sabis ya ce ba a shiga kicin. Na tashi na shiga. Mai dafawar, wani dattijo da gumi ya jiƙe masa riga, ya ce shi ba wanda ya nuna masa wata takarda, an ce masa shinkafa ɗaya tebur na huɗu. Takardata tana aljihun sabis, ya nannaɗe ta ya goge biro da ita. Na karɓe abata na fito, yunwa tana cina, haushi ya fi yunwar.

Mutanen da suka fi tausaya min a wannan yawo wasu masu dogon kitso ne a bakin teku, waɗanda aƙidarsu ta hana su nama da kifi da ƙwai da madara. Da na ji haka na ce yau na iso gida. Babbansu ya karanta takardata a tsanake, ya kai kan gyaɗa, ya yi tsaki na tausayi. Ya buɗe min tukwanensu uku, duka miyar gyaɗa ce. Ya wanke hannu, ya gasa min ayaba a kan sabon garwashi, ya zauna kusa da ni ina ci. Na barbaɗa yaji, na miƙa masa ya ɗanɗana, ya ce uwata ta iya. Kafin in kai tasha bayana ya fara ƙaiƙayi. Na rubuta a littafi cewa hannunsu bai fita daga gyaɗa ba. Allah ya yafe min, mutumin har tasha ya rako ni.

Teku ba ta rage min kewar gida ba, ƙara min ta yi. Ruwa ne mai hayaniya wanda ba a sha. Nakan tsaya ina kallon masuntansu suna jan taru suna waƙa, in tuna tafkinmu da safe lokacin da yake kwance lumui, jirage suna dawowa da warangi, ƙananan kifin nan da Inna ke shanyawa a kan tabarma tana korar kaji. In tuna hayaƙin banda da ke kama tufafinmu har a makaranta a riƙa tsokanarmu. Yanzu ina tsaye a ƙasar wasu, ina tsoron warin da aka haife ni a cikinsa. A aji ma safar hannu nake sawa in taɓa kifi, 'yan ajinmu suna kirana likitan tiyata.

Kwana goma sha tara na yi a haka kafin in je Nima, unguwar da Hausawa suka fi yawa. Na san da ita, nisa ne ya hana ni, mota biyu ake shiga. Na je sallar Juma'a, bayan an idar na bi wani lungu a bayan masallaci, sai na ji ana cewa, "A zuba na nawa?" da Hausa. Ƙafata ta tsaya da kanta. Rumfar kwano ce, benci uku, wata dattijuwa a kan kujera 'yar tsugunno tana kwasar tuwon masara. Mma Hawa ake kiranta. Hausarta irin ta can ce, tawa kuma ta ba ta dariya.

Ta ce, "Kai daga ina da wannan baki?"

Na ce, "Daga ƙasar Yawuri, Mma."

Ta ajiye mara. Ta ce kakanta ya sha ba su labarin Yawuri, a can suke ƙetare kogi da jakunan goro. Ita ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma ta san akwai wani gari a bakin ruwa mai wannan suna. Ta matsa min wuri a benci.

Na fito da takardata, wadda ta riga ta yi laushi don ninki. Na fassara mata layi-layi. Ba ta yi dariya ba sai da na kai kan daddawa.

Ta ce, "Ba kifi, ba daddawa, ba dunƙule. Ɗana, wannan ai ruwan zafi za ka sha da ganye a ciki."

Na ce ko shi ne ina so, in dai na tabbata abin da ke ciki.

Ta dube ni, daga wuyan rigata da ya yi min yawa har zuwa bel. Ta ce in dawo gobe. Da na dawo na tarar ta sayi 'yar sabuwar tukunya da sabon ludayi, ta ɗaura wa ludayin jan zare don kada ya shiga cikin sauran. Miyar lalo ta yi min, da manja da gishiri da naman rago daga mahaucin masallaci. A murhu dabam ta ɗora ta. Ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba, don rabona da abinci mai zafi a kwano, ina zaune, har na manta.

Gaskiyarta, miyar salam take. Sai na riƙa gyara ta da yajin Inna, cokali guda, wani lokaci biyu. Kullum in shiga mota biyu in zo, in ci, in ƙulle na yamma a kwano in koma. Na sa rai kwana goman nan sun samu. Amma ƙaiƙayin sai ya ƙaru. Na kwana biyu ina zargin sabulu, na canza. Na zargi katifa, na koma tabarma. Ina zaune a aji ina ƙirga kwanakin da suka rage a gefen takarda maimakon in rubuta darasi. Mista Mensa in ya gamu da ni a baranda sai ya tambaye ni jiki, ni kuwa na san jerin sunaye yake tambaya.

Rana ta takwas a wurin Mma Hawa, ina tsakiyar ci, na ji leɓena ya fara nauyin nan da na sani. Na haɗiye ƙwayar da likita ta ba ni, na zauna ina jiran in ga ko maƙogwaro zai biyo. Bai biyo ba, amma zuciyata ta riga ta hau. Benci cike da mutane, na miƙe na ce mata abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce duk ɗaya suke. Na ce ta ga miyar ba daɗi ta jefa daddawa ko garin kifi a ɓoye, tana ganin taimakona take yi. Na ce da ta gaya min ba za ta iya ba da na nemi wani wuri, yanzu ta kashe min aiki, ta mayar da ni gida da kunya.

Wani mai cin tuwo ya ce, "Malam, uwa ce fa."

Mma Hawa ta ɗaga masa hannu. Ta tashi da ƙyar, don gwiwa na damunta, ta ɗauko 'yar tukunyar da ludayi mai jan zare ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Juye ta ka duba."

Ban juye ba. Ta koma ta zauna, ta miƙo tafin hannu.

"Kawo abin nan na aljihunka, wanda kake zubawa kullum."

Na ce, "Wannan yajin Innata ne."

Ta ce, "Na sani. Kawo."

Ta yago 'yar takarda daga buhun siminti da take kunna wuta da shi, ta zuba yajin kaɗan, ta murza da babban yatsa, ta kaɗe. Ta ɗaga takardar sama wajen haske. Wurin da ta murza ya jiƙe da mai, har rana tana ratsa shi. Ta lasa yatsan.

Ta ce, "Barkono ba ya mai. Citta ba ta mai. Ƙuli-ƙuli ne a ciki, kuma ba kaɗan ba. Ka taɓa tsayawa ka ga ana daka shi?"

Ban taɓa ba. A gidanmu in an fara daka, namiji bakin ruwa yake nufa. Zan iya gane kifi da hannu a cikin ruwa ban gan shi ba, amma ban taɓa leƙa turmin Inna ba. A wurina yaji barkono ne da citta da aka daka, shi ke nan. Kwana ashirin da bakwai ina rubuta har ruwan da na sha, ban taɓa rubuta shi ba.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "Amma Mma, yaji ai ba abinci ba ne. Don ƙamshi ake..."

Ban ƙarasa ba. Na ji muryar matar cofba tana fita daga bakina, da kan kifinta a ludayi.

Na durƙusa a gaban Mma Hawa a cikin mutane na ba ta haƙuri. Ta ce, "Tashi, yunwa ce ta yi magana." Ta sa kwalbar a cikin zaninta. Washegari na kawo mata gwangwanin gaba ɗaya, don na san in yana ɗakina hannuna zai kai. Na rabu da shi kamar na sake yin sallama da gida.

Saura kwana goma sha biyar a tafi tafki. Na ci miyar lalo salam, da ɗanyen barkono da take yanka min a gefe. Kwana ɗaya, biyu, uku. Kowace safiya kafin alwala sai na tuɓe riga na duba jikina ta ko'ina. A rana ta biyar na daina yarda da idona, na riƙa sa abokin ɗakina ya duba min baya. Ba komai. Hankalina bai kwanta ba, don rashin ƙaiƙayi bai wanke kifi ba, shi ma ai ban ci shi ba. Ranar ta goma na kai wa likita littafin da labarin yaji. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce me ya hana ni rubuta shi tun farko. Na ce ita ma matar cofba haka na tambaye ta. Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba.

Gwajin kifi a asibiti aka yi shi. Mma Hawa ta gasa min ƙarfasa guda da gishiri kawai, ta naɗe a ganye, na riƙo ta a cinya cikin mota biyu ina jin ɗuminta. Likita ta ajiye allura a kan tebur inda nake ganinta. Ta ce in gutsiri kamar kan yatsa, in ci, in jira rabin awa. Rabin awar nan ta fi min mako biyar ɗin tsawo. Ina ta taɓa leɓe, ina haɗiyar yawu in ji ko hanya a buɗe take. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Ta ce in ƙara. Da ta juyo daga duba wani majinyaci ta tarar ba abin da ya rage sai ƙaya, ina tsotsar kan. A ranar na ga haƙoranta.

Kwana biyu bayan haka ta goga min ɓarin gyaɗa a leɓe. Kafin ta wanke hannu ya tashi. Ta rubuta takarda, na kai wa Mista Mensa da kaina, na tsaya har na ga ya bar sunana a jerin. Ranar da zan yi wa Mma Hawa sallama ta ce jikokinta sun kusa cinye yajin, in gaya wa Innata akwai wata a Nima da ke gaishe ta.

Na gama kwas lafiya, na ci kifin tafkinsu har na gaji. Wasiƙa uku na rubuta gida, ba wadda na ambaci yaji a ciki, don na san wani ne zai karanta wa Inna a tsakar gida.

Na iso ƙauyenmu da hantsi, ruwa ya cika har gindin kuka. Bayan an gama gaishe-gaishe mutane sun watse, Inna ta jawo ni inuwar ɗakinta. Ni ne autanta, ba ta kirana da suna. Ta shiga ta fito da sabon gwangwani, ya fi na farko girma.

Ta ce, "Auta, ka rame. Wancan ya ishe ka kuwa? Na so in aiko ma da wani, ban samu mai tahiya ba."

Na ce, "Inna, wai mi kika sawa cikin yajin ga?"

Ta ji daɗin tambayar. Ta fara lissafawa da yatsu: tonka, wato barkono, citta, masoro, kimba, kanumfari, gishiri.

"Sai ƙuli. Naka daban nika daka shi, ba ka sani ba? Tun kana ƙarami ba ka son zahi, in ka ci na gida sai ka yi ta kuka. Shi ya sa nika zuba ma ƙuli shi kashe zahin. Na tahiyag ga kuwa ninkawa na yi, don na san can babu mai rarrashinka."

Na so in yi shiru. Amma gwangwanin yana hannuna, kuma da rana za ta zuba min shi a tuwo. Na gaya mata komai, a hankali, na rage abin da zan iya ragewa. Ban faɗi maganar maƙogwaro ba, amma ta gane. Ta karɓi gwangwanin daga hannuna ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallon murfin.

Ta ce, "Ashe ni na bi ka da shi har Gana."

Na ce ba haka ba ne. 

Ranar kasuwar Wara ta shiga jirgi da sassafe ba ta gaya wa kowa ba. Da la'asar sai ga ta da sabon turmi a ka, taɓarya a hannu. Ta hana kowa taɓa shi. Ta daka yajin a gabana, wannan karon na zauna na kalla tun daga farko har ƙarshe, matan gida suna ta yi min dariya. Ta zuba min a gefen tuwo da gasasshen kifi. Lomar farko na ji kamar na haɗiyi garwashi, hawaye suka zubo, hanci ya biyo.

Ta ce, "Ya yi zahi?"

Na ce, "A'a Inna, daidai ya yi."

Ta dube ni, ta tashi ta kawo min ruwa a kwanon sha ta ajiye kusa da hannuna, ta zauna har na cinye.

Inna ta rasu shekaru da yawa yanzu. Turmin yana gidana a Yelwa, gefensa ya tsage an ɗaure da waya, gyaɗa ba ta taɓa shiga cikinsa ba. Matata ce ke daka min. Duk lokacin da ta ga ina share ido sai ta ce bari ta rage barkonon, ni kuma in ce ta bar shi yadda yake.